Yadda Mai Bi Zai Auna Shekararsa da Mudun da Ba Shi da Algus

Duk ƙarshen shekara, idan amfanin gona ya shiga rumbu kuma Kirsimeti ta ƙarato, majami'unmu kan buɗe filin ba da shaida. Wani ya tashi ya gode wa Allah da ya sayi mota, wata ta ce ɗanta ya gama jami'a, wani ya tare a sabon gida. Godiya ce mai kyau, ba wanda zai hana ta. Amma a bencin baya akwai gwauruwar da ta shekara tana jinyar surukarta. Akwai saurayin da aka sallama daga aiki don ya ƙi sa hannu a takardar ƙarya, da manomin da ya yi komai a kan kari sai ruwa ya ɗauke ana tsakiyar fid da kai. Irin waɗannan sukan koma gida da zaton shekararsu ta tafi a banza. Karin Magana 11:1 ta ce Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin algus. Mun saba jin ayar a kan 'yan kasuwa, amma mutum yana iya auna ransa da mudun da aka lotsa wa gindi, ya cuci kansa, ko ya yabi kansa a kan abin da bai isa yabo ba.

Abin da ke tafe hanya ce ta zama da littafin rubutu a yi lissafin shekara. Ta dace da namiji da mace, da mai albashi da mai gona.

Da wane mudu za a auna

Buɗe Matiyu 25:14-30 ka karanta a hankali. Maigida ya ba bawa ɗaya talanti biyar, ɗaya biyu, ɗaya kuma guda, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Sai ka ɗora yatsa a kan aya ta 21 da ta 23. Mai biyar ya kawo goma, mai biyu ya kawo huɗu, amma yabon da aka yi musu iri ɗaya ne, kalma da kalma: bawan kirki, mai aminci. Ba a ce wa mai huɗu me ya hana shi kai goma ba. Na ukun kuwa ko kwabo bai yi asara ba. Ya maido da kuɗin cif yadda aka ba shi, shi ne kuma aka kira mugu kuma malalaci, domin tsoro ya sa ya tona rami ya binne amana. Talanti ɗaya ma ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ya kai dinari 6,000, dinari guda kuwa ladan ɗan ƙodago ne na yini, wato kusan aikin shekara ashirin ke nan. Wanda yake cewa shi ba a ba shi komai ba, sau da yawa bai ƙirga ba ne.

Manzo Bulus ya taƙaita maganar a 1 Korantiyawa 4:2: abin da ake nema wurin mai riƙon amana shi ne a same shi da aminci. A sura ta 3 ya ce shi ya shuka, Afolos ya yi ban ruwa, Allah ne ya girmar, kuma kowa zai sami lada gwargwadon wahalar aikinsa. Ke nan tambayoyi biyu ne, kuma tilas a raba su. Ta farko: me ya fito? Ta biyu: yaya na riƙe abin da aka danƙa mini?

Littafi Mai Tsarki cike yake da wuraren da amsoshin biyu suka saɓa. A Littafin Ƙidaya sura 20 Allah ya ce wa Musa ya yi wa dutse magana. Musa ya fusata ya buge shi da sanda sau biyu. Ruwa ya ɓulɓulo, jama'a da dabbobinsu suka sha suka ƙoshi. Duk wanda ke wurin ranar zai ce an yi nasara, amma a kan wannan aka hana Musa shiga ƙasar alkawari. Irmiya kuwa ya ce wa mutanen Yahuza shekara 23 yana faɗa musu maganar Ubangiji ba su kasa kunne ba (Irmiya 25:3), duk da haka ba a taɓa lissafa shi cikin waɗanda suka kasa ba. Yunusa ya yi wa'azi, birnin da ke da mutum sama da 120,000 ya tuba, littafinsa kuma ya ƙare yana zaune a bayan gari yana fushi.

Kada wannan ya zama mafakar rago. Maigidan cikin misalin ya dawo ya yi lissafi, ya kuma sa ran riba. 1 Timoti 5:8 ta yi magana mai zafi a kan wanda ba ya kula da mutanen gidansa. Abin da ya fito yana da muhimmanci, domin shi ne yakan tona inda aiki ya gurgunce. Sai dai shi mai ba da shaida ne, ba alƙali ba.

Shirin zama

Ka nemi littafin rubutu na musamman wanda ba za a yage takardarsa a ƙunshe gyaɗa ba, da Littafi Mai Tsarki, da duk wata shaidar da ke hannu: littafin ciniki, saƙonnin banki da ke waya, sakamakon jarrabawar yara, sunayen waɗanda kake bi da waɗanda ke binka. Ƙwaƙwalwa ba ta da amana a wannan aiki. Watanni biyun ƙarshe take riƙewa, ta shafe goman farko.

Ware zama biyu, kowane kamar awa biyu, da mako guda a tsakani. Da safe ya fi, bayan ka yi barci ka karya kumallo, waya kuma a kashe bayan ka kwafe abin da kake buƙata daga cikinta. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Iliya ya auna rayuwarsa a ƙarƙashin itace a jeji, a gajiye, da tsoro, ya yanke cewa gara ya mutu. Allah bai yi masa gardama a lokacin ba. Ya bar shi ya yi barci, ya ciyar da shi sau biyu, daga baya, da Iliya ya ce shi kaɗai ya rage, ya gaya masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba (1 Sarakuna 19). Lissafin mai yunwa da gajiya ba ya fita daidai. Idan rasuwa aka yi maka, ko shago ya ƙone, ko aure ya girgiza a kwanakin nan, ɗaga zaman zuwa wasu makonni.

Fara da addu'ar Zabura 139:23-24, sa'an nan ka karanta Afisawa 2:8-10. Dalilin karanta wannan shi ne ka san abin da ke kan sikeli. Aikinka ake aunawa. Cetonka ba ya cikin lissafin, domin ta wurin alheri ka same shi. Wanda ya manta da haka ba ya iya rubuta gaskiya, gama duk laifin da ya amsa ji yake kamar an kore shi daga gidan Uba.

Zama na farko: me aka danƙa maka, me ka yi da shi

Ja layi biyu a shafi ya rabu gida uku. A bisa na farko rubuta "abin da aka ba ni", na tsakiya "abin da na yi", na ƙarshe "abin da ya fito". Ka yi shafi guda don lafiya da lokaci, guda don kuɗi da kadara, guda don mutane (mata ko miji, 'ya'ya, iyaye, waɗanda ke aiki a ƙarƙashinka), guda don sana'a da baiwar da kake hidima da ita a ikkilisiya. Ƙara shafi na biyar don nauyin da ba kai ka zaɓa ba, kamar ciwo, ko jinya, ko zaman gudun hijira. Shi ma amana ne, kuma galibi a nan ne amincin da ba wanda ya gani yake ɓoye.

Rubuta abin da za a iya ƙirgawa. "Na yi ƙoƙari" ba ya shiga littafi. Ɗauki misalin manomi: an ba shi kadada biyu, da iri, da kuɗin taki buhu huɗu. A gidan tsakiya zai rubuta ranar da ya yi shuka, sau nawa ya yi noma, ko takin ya shiga gona duka ko ya sayar da buhu biyu ya yi wata hidima, ko ya biya 'yan ƙodago ranar da ya ce. A gida na uku ya rubuta buhunan da ya samu. Gidan tsakiya ne za a tambaye ka a kansa. Na farko da na uku suna hannun Allah da yanayi da sauran mutane.

Shafin kuɗi yana buƙatar tsayawa. Kada ka fara da nawa ya shigo. Fara da ta wace hanya ya shigo, sa'an nan haƙƙin wa ya maƙale a ciki, sa'an nan ina ya tafi. Yakubu 5:4 ta ce ladan ma'aikatan da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji. Don haka albashin 'yar aiki da aka ja wata uku, da kuɗin adashen da aka ɗauka ba a ƙara zubi ba, da bashin ɗan'uwa da aka daina ɗaga wayarsa, duk a cire su daga abin da kake kira riba. Mai arzikin Luka 12:16-21 bai saci komai ba, gonarsa ce ta yi albarka. Ƙirga sau nawa ya ambaci kansa sa'ad da yake shirin rushe rumbuna ya gina manya, za ka ga ba Allah ba maƙwabci a cikin lissafinsa. Wajen bayarwa kuma, Yesu ya auna aninai biyu na gwauruwa da abin da ya rage a hannunta (Markus 12:41-44). Saboda haka rubuta baikonka da taimakonka kusa da abin da ka samu, kada ka rubuta su kusa da na wanda aka karanta sunansa a majami'a.

Saura hali, wanda shi ne mafi wuyar aunawa, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Galatiyawa 5:22-23 ta lissafa abubuwa tara: ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u da kamunkai. Kada ka zauna kana ba kanka maki a kan kowanne, aikin banza ne. Nemi abin da ya faru. Ranar da aka zage ka a gaban mutane, me ya fito daga bakinka? Wa ka yafe wa bana wanda bara ba ka iya gaishe shi? Daga nan ka fita ka tambayi mutum uku a cikin makon da ke tsakanin zaman biyu: wanda kuke kwana gida ɗaya, wanda ke ƙarƙashinka kamar yaron shago ko ƙanenka, da dattijo ko uwa a zumuntar mata da ta san ka da daɗewa. Tambaya ɗaya za ka yi. Ga matarka, misali: "Maman yara, a bana wane hali nawa ne ya fi wahalshe ki, wane ne kuma kika ga ya gyaru?" Ga dattijo: "Baba, in akwai abin da kuka gani a kaina kuka yi shiru, ina roƙo ku faɗa mini." Ka yi shiru ka rubuta, ka ce na gode, kada ka kare kanka a ranar. Idan ka yi musu ko da sau ɗaya, badi ba wanda zai gaya maka gaskiya. Na ƙarƙashinka zai ji nauyi, don haka ka ba shi kwana biyu ya yi tunani.

Zama na biyu: rarraba faɗuwa

A nan ne aikin yake. Koma kan shafukan, ka ja layi ƙarƙashin duk abin da kake kira faɗuwa, ka kasa shi kashi uku, domin kowane kashi da maganinsa.

Kashi na farko zunubi ne: ka san daidai ka bar shi. Maganinsa furtawa da suna a gaban Allah bisa ga 1 Yahaya 1:9, da gyara wurin mutumin da aka cuta. Zakka na Yariko bai tsaya ga nadama ba, ya faɗi adadi: rabin dukiyarsa ga matalauta, ninki huɗu ga wanda ya zalunta (Luka 19:8). Kai ma rubuta suna, da adadi, da rana. In ba za ka iya biya gaba ɗaya ba, je ka same shi ku yanka abin da za ka riƙa kawowa duk wata. Matiyu 5:23-24 ta sa sulhu da ɗan'uwa gaba da miƙa baiko, don haka wannan ya riga godiyar ƙarshen shekara.

Kashi na biyu rashin sani ne ko rashin dabara. Ba ka yi mugunta ba, amma ba ka iya ba. Maganinsa koyo: neman wanda ya fi ka a sana'ar, buɗe littafin shige da fice, sauya iri ko lokacin shuka, komawa aji.

Kashi na uku shi ne abin da ya fi ƙarfinka, kamar fari, ambaliya, tashin farashi, ciwo, harin da ya kori mutane daga gonakinsu, ko rashin haihuwa. Wannan ba ya buƙatar tuba. Kuka yake buƙata a gaban Allah, irin na Zabura 13 da Habakuk 3:17-18, da taimakon 'yan'uwa.

Ɓarna tana zuwa ne idan aka ba wani kashi maganin wani. Mutum ya ci amana ya ce haka Allah ya ƙaddara, ya tura zunubi zuwa kashi na uku, ba zai taɓa gyarawa ba. Wata jarinta yana zurarewa don ba ta raba kuɗin cefane da na shago ba, sai ta shiga azumin kwana bakwai a kan maƙiya. Azumi yana da kyau, amma ba ya rubuta lissafi, kuma zargin ya ɓata tsakaninta da maƙwabta. Mafi ciwo shi ne a ɗauki kashi na uku a mai da shi na farko, a ce wa matar da ta yi ɓari ko iyalin da aka kora daga ƙauyensu su binciki zunubinsu. Abin da abokan Ayuba suka yi ke nan, Allah kuwa ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi Allah ba (Ayuba 42:7). Da almajirai suka tambaya ko zunubin wa ya sa aka haifi mutum makaho, Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba (Yahaya 9:1-3). Haka ya ƙi yarda cewa mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa sun fi sauran mutanen Urushalima laifi (Luka 13:4-5).

Yawancin faɗuwa gauraye take zuwa. A ce ɗan tireda ya fara shekara da jarin naira 500,000 ya ƙare da 300,000. Tashin farashin kaya ya ci wani ɓangare, wannan kashi na uku ne. Bayar da bashi ba rubutu ya ci wani, kashi na biyu. Ɓoye wa abokin jarinsa gaskiyar lamarin kuwa kashi na farko ne. Sai ya tsaga abin uku, ya bi kowanne da nasa magani. Nasarorin ma a bi su da wannan rariya. Ƙarin girman da aka samu ta hanyar ɓata sunan abokin aiki, gidansa kashi na farko.

Idan baƙin ciki ya taso, duba inda yake tura ka. 2 Korantiyawa 7:10 ta raba baƙin ciki irin na Allah, mai kai ga tuba, da na duniya, mai kai ga mutuwa. Bitrus da Yahuza Iskariyoti duk sun faɗi a dare ɗaya, duk sun yi nadama. Bitrus ya koma cikin 'yan'uwa, Yesu ya same shi a bakin teku ya sake danƙa masa kiwon tumaki. Yahuza ya tafi shi kaɗai. In lissafin ya fara hana ka barci da ci, ko tunanin cutar da kanka ya zo, rufe littafin a take ka gaya wa fasto ko wani na kusa, ka kuma ga likita.

Abubuwan da ke lotsa mudu

Na farko gwada kai da wasu. Hoton da ka gani a Facebook ko WhatsApp gida na uku ne kawai na shafin wani. Ba ka ga abin da aka ba shi ba, ba ka ga yadda ya yi ba. Bulus ya ce masu auna kansu da junansu ba su da fahimta (2 Korantiyawa 10:12), Galatiyawa 6:4 kuma ta ce kowa ya gwada aikin kansa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Akwai kuma koyarwar da ke cewa yawan dukiya shi ne shaidar bangaskiya. Karanta Ibraniyawa 11:32-39 har ƙarshe. Wasu sun ci mulkoki sun rufe bakin zakoki, wasu an jajjefe su, an tsaga su da zarto, sun yi yawo cikin fatun tumaki, dukansu kuma aka yi musu shaida ɗaya. A littafin Wahayin Yahaya, ikkilisiyar Samirna matalauciya ce, Ubangiji ya ce mai arziki ce. Ta Lawudikiya ta ce ba ta rasa komai ba, ya ce matalauciya ce, makauniya, tsirara. Sai dai kada a juya a ce talauci tsarki ne. Agur ya roƙi kada a ba shi talauci ko wadata, don ya san kowanne da tarkonsa (Karin Magana 30:8-9).

Gaggawar yanke hukunci ita ma tana ɓata lissafi. A Disamba 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar kai bishara cikin ƙasa. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida, Bingham kuma ya koma gida da ciwo a 1895. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake mai da shi. Sai a 1902 aka kafa tasha a Patigi, daga wannan aiki na ƙungiyar mishan ta SIM kuma ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. Wanda ya rufe littafin a 1900 da ya rubuta asara zalla. Haka Yahaya Markus, wanda ya bar su Bulus a Bamfiliya har Bulus ya ƙi sake tafiya da shi, shi ne daga baya Bulus ya ce a kawo masa don yana da amfani a hidima (2 Timoti 4:11). Saboda haka a kan yaron da ya bauɗe, ko hidimar da ba ta haifar da komai ba tukuna, rubuta "ba a gama ba" a gida na uku. Izinin hakan yana 1 Korantiyawa 4:5.

Rufe littafin

Kada ka fita da alkawura goma sha biyar, Janairu ba zai ƙare ba za su zube. Uku sun isa, kuma dukansu daga gidan tsakiya. "Zan sami buhu 40" ba a hannunka yake ba. "Zan sayi taki kafin ruwan farko" yana hannunka. Kowane alkawari ya zo da rana da sunan wanda zai tambaye ka, ka ɗora "in Ubangiji ya yarda" kamar yadda Yakubu 4:15 ta koyar. Sake buɗe littafin a makon Ista, da kuma tsakiyar damina, rabin awa kawai, ka ga inda aka kwana.

Mai son ya riƙa yi kullum yana iya aron hanyar Ignatius na Loyola, wanda ya kafa ƙungiyar Jesuit a 1540, hanyar da 'yan'uwa Katolika suka daɗe da ita: kafin barci a gode wa Allah, a roƙi haske, a bi yinin daga safe zuwa dare, a nemi gafara, a ƙudura abin da za a gyara gobe. Minti goma zuwa sha biyar ya isa.

Fastoci da dattawa kuma suna iya gyara filin shaidar da kansa. Mako biyu kafin sujadar ƙarshen shekara, a je gida a sami mai jinya, da wanda ya gama biyan tsohon bashi, da 'yan'uwa biyun da suka shirya bayan gaba, a tambaye su ko za su yarda su yi magana. Wanda ya ce a'a a ƙyale shi. Wanda ya yarda a ba shi minti uku kamar kowa, a roƙe shi kada ya ambaci sunan wanda ya yi masa laifi, a kuma sa shi a tsakiyar jerin masu shaida, ba a ƙarshe ba lokacin da jama'a suka fara tattara jakunkuna.